Tallar wayar tarho da barkwancinta: Daga lambar 078 ta Haɗejiya zuwa wayar salula

A jerin lambobin kira da aka raba wa garuruwan Najeriya a zamanin wayar girke, Kano na da 064, Kaduna 062, Zariya 069, Katsina 065, Sakkwato kuma 060. Haɗejiya ma tana da tata lambar, wato 078, alhali Dutse, ko bayan ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, lambar Kano ta ci gaba da amfani da ita. Wannan abin alfahari ne ga garin, amma lamba a takarda daban, waya a ɗaki daban. Gidajen da ke da tarho a ƙasar Haɗejiya ba su da yawa, kamar yadda lamarin yake a sauran garuruwan Arewa. Akasarin jama'a sun san tarho ne ta hanyoyi biyu: abin da hukuma ko kamfani ya buga a jarida, da kuma abin da ake faɗa a majalisa da tasha da kasuwa ana dariya.

Waɗannan hanyoyi biyu tare suke tafiya a duk inda tarho ya shiga a duniya. Talla tana faɗin abin da waya za ta yi wa mutum, barkwanci kuma yana faɗin abin da ta yi masa bayan ya biya. Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya, rabin tarihin ya samu.

Kalmomin da suka riƙe tarihi

Kafin a je ga jarida, harshen Hausa kansa ya adana labarin. Kalmar "waya" aro ce daga sunan da Turawa ke kiran siririn ƙarfen da ake ja a kan turaku. Na'urar farko da ta bi ta cikin wannan ƙarfe ita ce tangaraho, wadda ba ta ɗaukar murya, sai dai ma'aikaci ya riƙa ƙwanƙwasa ta, wani kuma a can ya fassara ƙwanƙwasar zuwa rubutu. Daga nan aka samo "buga waya", kuma har yau Bahaushe bugawa yake yi ko da shafa gilashi kawai ya yi da yatsa. Ofishin da ake aika wasiƙa ya zama "gidan waya" saboda a can ake buga tangaraho. Da na'urar magana ta zo, sai aka kira ta "wayar tarho", wadda ba ta da igiya kuma aka ce mata "wayar iska".

Sunayen da suka biyo baya raha ce zalla. Da wayar hannu ta bayyana, aka laƙaba mata "tafi-da-gidanka", tsohuwar ta kan tebur kuma ta koma "wayar girke", kamar tukunyar da aka ɗora a murhu ba ta motsi. Ba wani kamfani ne ya ƙirƙiro waɗannan sunaye ba. Bakin jama'a ne ya raɗa su, kuma sun fi kalmomin talla da yawa daɗewa.

Inda tallar tarho a mujalla ta samo asali

A 1876 ne Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar tarho a Amurka. Bayan wa'adin takardun mallakarsa ya ƙare a 1893 da 1894, ƙananan kamfanoni suka yi yawa, jama'a kuma suka riƙa kallon babban kamfanin AT&T a matsayin mai son ya haɗiye kowa. Don gyara sunansa, a 1908 shugaban kamfanin, Theodore Vail, ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer da ke Philadelphia, aka shiga buga talla mai cikakken shafi a mujallu wata bayan wata. Taken tallar shi ne manufa ɗaya, tsari ɗaya, waya ga kowa. Hotunan sukan nuna mata masu haɗa kira zaune a gaban allon igiyoyi cikin natsuwa, ko ma'aikaci a kan turke yana gyara waya cikin ƙanƙara.

Masanin zamantakewa Claude Fischer, a littafin da ya wallafa a 1992 kan tarihin tarho a Amurka, ya nuna cewa kamfanonin sun daɗe suna tallata waya a matsayin kayan aikin kasuwanci da na gaggawa, suna ɗaukar doguwar hira a kanta a matsayin ɓata layi. Sai wajen ƙarshen shekarun 1920 suka gane cewa hirar da suke ƙyama ita ce kasuwar, suka koma cewa a kira dangi a gaisa.

Masu barkwanci sun riga su ganewa. Tun a 1880 marubuci Mark Twain ya rubuta wani gajeren labarin ban dariya kan yadda mutum ke jin ɓangare ɗaya na hirar waya, maganganu a tsinke ba kai ba gindi. A 1913 wani faifan garmaho na ban dariya, game da wani baƙo da ke fama da tarho ana kasa fahimtarsa, ya yi kasuwa ƙwarai. Mujallun raha irin su Life ta wancan zamani da Judge a Amurka, da Punch a Ingila, sun cika da zanen kiran da ya faɗa gidan da ba shi ake nema ba, da maƙwabtan da ke satar sauraron hirar juna a layin haɗaka. Mai karatu yakan ga alkawarin kamfani a wannan shafi, ya juya ya ga ana yi wa alkawarin dariya. Daga baya kamfanonin suka rungumi rahar da kansu: a 1976 hukumar waya ta Birtaniya ta fito da wani tsuntsun zane mai launin rawaya, Buzby, yana zaune a kan igiyar waya yana zuga mutane su yi kira.

Waya a ƙasar Hausa: Kayan mulki, ba kayan sayarwa ba

A Najeriya labarin ya bi wata hanya. A 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku, a 1893 kuma ofisoshin gwamnati a Legas suka sami tarho. A Arewa, Turawan mulki sun ja tangaraho daga Lakwaja da Jebba zuwa Zungeru, daga nan zuwa manyan garuruwa, domin Razdan da Di'o su riƙa karɓar umarni. Haɗejiya ta faɗa hannunsu a watan Afrilun 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tafi Nguru kuma ya kammala a 1930, ya ratsa ta Ringim da Malam Madori da Birniwa. Layin dogo ba ya tafiya sai da waya tsakanin tashoshi, don haka tashar Malam Madori, inda ake loda gyaɗar ƙasar Haɗejiya, tana cikin wuraren da mutanen yankin suka saba ganin turakun waya.

Duk wannan aiki a hannun ma'aikatar gidan waya ta gwamnati yake, wadda aka fi sani da P&T. Lokacin da Najeriya ta sami 'yanci a 1960, layukan tarho 18,724 ne a ƙasar baki ɗaya. Abin da bai ishi ofisoshi ba, ba a neman masa mai saye a jarida.

Ba don babu jarida ko sana'ar talla ba ne. Tun a 1928 aka kafa kamfanin talla na West Africa Publicity, wanda daga baya ya zama Lintas. A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, kuma sunan jaridar kansa talla ne mai raha, domin yana gaya wa mai saye cewa abin da zai karanta ya fi kwabon da zai biya. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa buga jaridun larduna, ciki har da Sodangi ta Lardin Kano, wanda Haɗejiya ke cikinsa a lokacin. Kayan da aka fi tallatawa a jaridun wancan zamani su ne waɗanda mai ƙaramin albashi zai iya tara kuɗi ya saya: keke, sabulu, takalmi, keken ɗinki da maganin ciwon kai. Tarho ba ya cikin wannan sahu. Shi neman sa ake yi da takarda, a jira.

Yadda saƙo ke tafiya a ƙasar fadama

Don a fahimci abin da tallar waya ta zo ta tarar, sai a dubi yadda yankin yake. Kogin Haɗejiya yana samun ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, idan ya wuce garin kuma sai ya rarrabu cikin fadamu har zuwa Nguru. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri. Ƙasa ce ta shinkafa da alkama da tattasai da riɗi da kifi, inda manomi da masunci da makiyayi ke cin arzikin ruwa ɗaya. Da damina ƙauyuka da yawa sai da kwalekwale ake isa gare su.

A irin wannan wuri saƙo da ƙafa yake tafiya. Umarnin sarki yakan bi ta hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, mai shela ya kai shi kunnen jama'a. Ɗan kasuwa yakan ba direban mota saƙon baki ko 'yar takarda zuwa ga dillalinsa a Kano. Wanda bai iya boko ba yakan sa a rubuta masa wasiƙa, ko ya rubuta da ajami. Gaisuwa kuma takan bi ta rediyo, musamman shirye-shiryen zaɓi-sonka na Rediyon Kaduna, inda ake karanto sunayen 'yan uwa da abokai ɗaya bayan ɗaya. Tangaraho kuwa, da yake kowace kalma kuɗi ce, ba a buga shi sai da dalili mai ƙarfi, shi ya sa jin an ce "an bugo waya" kan sa gaban mutanen gida ya faɗi kafin a karanta.

Akwai kuma karin magana biyu da kowane mai tallar waya a ƙasar Hausa ya zama dole ya yi jayayya da su: "zuwa da kai ya fi aike" da "zumunta a ƙafa take". A al'adance, wanda ya aika saƙo a inda ya kamata ya je da kansa ya rage wa wanda aka aika wa daraja. Ta'aziyya da neman aure da gaishe da iyaye ba abin aike ba ne. Yawancin barkwancin Hausa a kan waya daga wannan karo ya fito.

Zamanin NITEL: Sanarwa a jarida, ba'a a majalisa

A 1985 aka haɗe sashen sadarwa na P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL. Shekara 16 bayan haka, a 2001, layukan da ke aiki a ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga al'umma fiye da miliyan 100. Mai neman layi yakan jira watanni, wani lokaci shekaru. Da yake kamfanin ba shi da abokin takara, abin da aka fi saninsa da shi a jarida shi ne sanarwa: a biya bashi kafin rana kaza, ko a yanke layi. Harshen umarni ne, ba na rarrashi ba.

Gurbin da talla ta bari, ba'a ce ta cike shi. Layin da aka yanke akan ce yana TOS, gajarta jimlar Turanci mai nufin an dakatar da shi na ɗan lokaci, sai ma'aikatan gwamnati suka mai da haruffan abin tsokana ga duk abin da ya tsaya cik, har da albashi. Muryar da ke cewa duk layuka a cike suke, a sake gwadawa, ta zama abin kwaikwayo a ofisoshi. Akan ba da labarin mai gidan da ya sa wa tarho ɗan kwaɗo don kada yara su juya lamba, yaran kuma suka koyi ƙwanƙwasa maƙalin su fitar da kira. Akan kuma yi dariyar maƙwabcin da ya bayar da lambar gidan Alhaji a matsayin tasa, a bugo a ce a kira shi, ya taho a guje ya tarar layi ya katse.

Maganar da ta fi kowace shahara a wannan zamani ba talla ba ce. A ƙarshen shekarun 1980 aka jingina wa Ministan Sadarwa na lokacin, David Mark, cewa tarho ba na talaka ba ne. Shi ya musanta cewa haka ya faɗa, amma maganar ta zauna a bakin jama'a domin ta dace da abin da suke gani. Da wayar hannu mai lambar 090 ta fito a shekarun 1990, sai ta ƙara tabbatar da zancen, domin manyan 'yan kasuwa da manyan jami'ai ne ke riƙe ta, kuma akan riƙe ta ne yadda kowa zai gani.

A wannan zamanin ne kuma wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin ya bunƙasa a Arewa, da 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Kasimu Yero. Sun gaji tsohuwar sana'ar 'yan kama da 'yan gambara, masu faɗin gaskiya cikin wasa, kuma sun saba wa masu kallo da dariyar mutumin da zamani ya zo masa da abin da bai saba ba.

2001: Shekarar da aka fara neman mai saye

An kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a 1992, amma sai a watan Janairun 2001, ƙarƙashin jagorancin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. A karon farko a tarihin ƙasar, masu waya ne ke bin jama'a suna roƙon a saya. Shafukan jaridu da mujallu suka cika da launuka, allunan talla suka tsaya a bakin tituna, aka shafe bangon shaguna da fenti.

Farashin farko ya yi tsada. Layi kaɗai ya kai Naira 20,000, wani lokaci har fiye, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a jihohi yake Naira 5,500. Kiran minti ɗaya Naira 50 ne, kuma ko daƙiƙa biyar mutum ya yi, kuɗin minti za a cire. Sai a watan Agustan 2003 Globacom ya shigo da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi. A ranar 19 ga Satumban wannan shekarar, masu waya da dama a faɗin ƙasar suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin sabis.

Sabis ya fara ne daga manyan birane, sannan ya bi manyan hanyoyi zuwa garuruwa irin su Haɗejiya, ƙauyukan fadama kuma suka zo a baya. A Jigawa zamanin ya zo daidai da mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, wanda ya ba fasahar sadarwa muhimmanci har aka kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure. A Kano kuma kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut suka zama inda 'yan kasuwar garuruwan Jigawa ke saro wayoyi da kayan gyaransu. Matasa suka kafa lema da benci a bakin kasuwa, ana biya a yi kira.

A lokacin akwai mujallun Hausa masu kasuwa, irin su Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999, sannan jaridar Aminiya ta zo a 2006. Duk da haka rediyo ce ta fi kai tallar waya ga manomi da masunci, musamman bayan buɗe tashoshi masu zaman kansu irin su Freedom a Kano a 2003. Kamfanonin sun gane cewa fassarar tallar Legas ba ta isa ba, sai da fuskar da mutanen Arewa suka sani. Globacom, alal misali, ya sanya Ali Nuhu da Sani Danja cikin jakadunsa.

Raha ta shiga cikin tallar kanta, wani lokaci ta yi riba, wani lokaci ta jawo magana. Wata tallar MTN ta nuna magidanci yana bugo wa mahaifiyarsa a ƙauye cewa an haifa masa ɗa namiji, gari ya ɗauki rawa, sai ƙungiyoyin mata suka soke ta da cewa tana fifita ɗa namiji a kan mace. A watan Afrilun 2013 kuma, da aka ba mutane damar sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba, ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka sani da Saka a tallar Etisalat, ya bayyana kwatsam cikin rawayan kaya a tallar MTN yana rawar ya sauya sheƙa. Sauye-sauyen sunan Econet ma sun zama abin tsokana: Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010, har akan ce layi ɗaya ya fi amarya sauya kaya.

Abin da barkwancin salula ya adana

Barkwancin da ya biyo bayan salula ya kasu gida-gida, kuma kowane gida yana nuni da wata matsala ta gaske.

Na farko shi ne na gaisuwa. Bahaushe ba ya shiga magana sai ya tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki da sanyi ko zafi. A farashin Naira 50 a minti, kati yakan ƙare kafin a zo ga dalilin kiran. Labarin dattijon da ya gaisa da kowa a gidan ɗansa har kuɗi suka ƙare bai faɗi cewa kuɗi yake nema ba, yana nuna yadda tsada ta tilasta wa mutane gajarta ladabi.

Na biyu shi ne na girmamawa: mutumin da ya cire takalmi ya durƙusa, waya a kunne, saboda hakimi ko surukinsa ne ya bugo. Ana dariya, amma tambayar da ke ciki ta gaske ce, wato yadda ake nuna ladabi ga wanda ba ya ganin mutum.

Na uku shi ne na ƙarya. Waya ta ba wanda ake bi bashi damar cewa yana Kano alhali yana bayan katanga, har ƙarar wayarsa ko kiran sallar masallacin unguwa ya tona shi. "Ga ni nan a hanya" ta zama jimlar da ba a yarda da ita. Ga 'yan kasuwar da harkarsu ta ginu a kan amana da ganin ido, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

Na huɗu shi ne na filashin, wato a buga a katse don wancan ya kira. Ya zo da ƙa'idojinsa: yaro yana yi wa ubangida, ƙane yana yi wa wa, amma saurayin da ya yi wa budurwa ya zubar da girmansa. Na biyar kuma shi ne na neman sabis, inda ake hawa bishiya ko tudu ko rufin ɗaki ana ɗaga waya sama. Allon talla yana cewa ko'ina akwai sabis, mutumin ƙauyen fadama kuma ya san takamaiman bishiyar da ake samunsa. Finafinan barkwanci na Kano, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi wa jagoranci har rasuwarsa a watan Disamban 2014, sun yi kasuwa da irin wannan hoto na mutumin karkara a gaban sabon abu. Kiran dare na kyauta da wasu kamfanoni suka fito da shi ya haifar da nasa barkwancin, da kuma ƙorafin iyaye da wa'azin malamai kan samari da 'yan matan da ke kwana suna zance.

Inda alkawarin talla ya cika

Dariya ba ta hana a yarda cewa wani ɓangare na alkawarin ya tabbata ba. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi nazarin kasuwannin hatsi a Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma tasirin ya fi yawa a kasuwannin da ke nesa ko masu mummunar hanya. Dalilin a bayyane yake: ɗan kasuwa yana jin farashi kafin ya ɗauki mota.

Haka abin yake ga mai bandar kifi a Haɗejiya, da mai shinkafa a Auyo, da mai kai kaya Gujungu ko dabbobi Maigatari. Kifi da tattasai ba sa jira, kuma wanda ya san farashin Kano ko na Kudu tun kaya suna hannunsa ya fi ƙarfin ciniki a gaban dillali. Waya tana da amfani kuma a lokacin ambaliya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isowa fadama ya danganta da abin da ya faru a sama, kuma a shekaru irin su 2001 da 2022 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a Jigawa. Kira ɗaya daga garin da ruwa ya riga ya isa yana ba na gaba damar ɗaga jinga ko kwashe iyali.

Layukan da ke aiki a Najeriya sun haura miliyan 100 a 2012, suka haura miliyan 200 a 2020. NITEL kuwa, bayan yunƙurin sayar da shi ya sha rushewa, ya koma hannun NATCOM, wanda ya fito da ntel a 2016. Lambar 078 ta zama tarihi.

Abin da ya rage a adana

Tsofaffin jaridu da mujallun Hausa suna nan a wurare irin su Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da ɗakunan karatu na jami'o'i, amma takarda tana da ranar ƙarewa, kuma masu bincike sun fi kula da labaran siyasa a kan shafukan talla. Barkwanci ya fi shiga haɗari, domin yawancinsa ba a rubuta shi ba. Yana bakin tsofaffin ma'aikatan gidan waya da direbobi da dillalai, kuma yana tafiya tare da su.

Amfanin adana su bai tsaya ga tarihi ba. A watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, ƙungiyar ƙwadago ta yi tir da shi, kamfanoni kuma suka ce tsadar aiki ce ta tilasta. A yau talla ta koma cikin wayar kanta, tana alkawarin garaɓasa da sauri, barkwanci kuma ya koma Facebook da TikTok yana ba da labarin datar da ta ƙare kafin a buɗe saƙo. Hausawa sun ce da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Ɗan kasuwar da zai zaɓi layi, da jami'in da zai auna ingancin sabis a Guri ko Kiri Kasamma, za su ƙaru idan suka karanta tallar, sannan suka tambayi abin da ake yi wa dariya a tasha.